Waƙar Habboba da Dutsen Niƙa

Jiya jikata ta kunna mini wata murya a waya, sai na ajiye kofin shayi. Kakata ce, Habboba Asabe (habboba muke ce wa kaka a wajenmu), daga ma'ajiyar sashen kiɗa na jami'a.

Ina 'yar sakandare ɗaliban sashen suka yi ta zuwa ƙauyenmu kusa da garin Makwar, tun shukar auduga har cirarta, suna naɗar waƙoƙin mata. Ba sa jin Hausa, sai ni aka sa tafinta, ni da ko a aji ba na ɗaga kai.

Waƙar niƙa suke nema, don tun zuwan injin niƙa babu mai yin ta. Habboba ta zauna gaban rikoda, amma waƙa ta ƙi fitowa. Malaminsu ya fara tattara kayansa.

Na daure na ce, "Habboba, tafiya fa za su yi."

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, wa ya taɓa waƙar niƙa hannu sake? Ɗauko dutse da dawa!"

Tana durƙusawa waƙa ta zo. A naɗin da muke saurare, can ƙasa-ƙasa akwai siririyar murya tana amshi.

Jikata ta ce, "Wace ce wannan?"

Ni ce. Ban san rikoda ta ji ni ba.

Ku fa, muryar wa kuke marmarin sake ji?