An Ce Harbi Biyar Za a Ji

Bindigar ta zo ƙauyenmu ne cikin buhun masara, a bayan wata motar kaya daga Kafanchan. Wani ɗan garinmu mai aikin gwamnati a Abuja ne ya saya, har da takardunta. Ya ce gudummawarsa ke nan, tunda shi ba zai iya zuwa ya yi gadi ba. Baƙa ce wuluk, tana warin mai. Ba irin ta Kawu ba ce, ƙanen mamana, mai baki ɗaya da ake karyawa a sa harsashi guda. Wannan tana da magazin, wani ɗan akwati da ake cusa harsashi biyar a ciki, a maƙala ta ƙasa. Wai in ka harba ɗaya, ita da kanta za ta tofar da kwanson ta ɗauko na gaba. Naka dai jan kunama.

Ni aka ba, kuma ba don jarumtaka ba. A aji uku na sakandare na bar makaranta. Na yi acaba a Kafanchan, na yi wankin mota, na shiga koyon gyaran janareta, sati uku na gudu na dawo gida. Shugaban matasanmu ya ce, "A ba wannan, tunda ɗuwawunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ko ba komai zai yi ta leƙe-leƙe." Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Aikina rakiyar mata. In an shuka citta da ruwan fari, dole a rufe gonar da ganye, in ba haka ba rana ta dafa irin a cikin ƙasa. Ganyen kusa da gari ya ƙare tun tuni, sai a kurmi, can ƙetaren rafi, tafiyar awa guda. A hanyar nan aka taɓa ɗauke mutane bara, shi ya sa ba macen da za ta je sai da bindiga a gaba.

Amma akwai doka a garinmu. Dattawa sun hana harbi kwata-kwata, ko nokawut na Kirsimeti ba a yarda yara su tayar ba. Dalili, wata rana wani ya harbi zabon daji a bayan gari, mutane suka ɗauka mahara ne suka shigo. Gari ya watse. Wata tsohuwa ta faɗi a guje ta karye a ƙugu, ba ta sake tafiya ba. Tun daga nan, in ka ji bindiga a wajenmu, to gudu kawai.

Na ce wa shugaban matasa, "Oga, ba za mu gwada ta ba, ko sau ɗaya?"

Ya ce, "Gwada mana, in kana so dattawa su gwada bulala a bayanka. Abu sabo fil, me zai same shi?"

Sai na cika magazin ranar farko, na maƙala, ban sake cirewa ba. Sati shida ina yawo da ita cikin rana, in rataya a kafaɗa, in jingina da dutse mai zafi. Mata goma sha huɗu nake rakawa, har da Mama da matar yayana, wadda take da ciki lokacin. In muna tafiya suna tsokanata. Matar yayana takan ce, "Soja, ka yi a hankali kada ka harbe ƙafarka, ba mu da mai ɗaukar ka." Amma na lura, duk lokacin da wani abu ya motsa a ciyawa, ni suke kallo.

Wata Alhamis da hantsi ina zaune kan wani dutse, suna ƙasa suna saran ganye suna waƙar zumuntar mata. Hannuna ba ya iya zama haka kawai. Na danna, na zare magazin, don in ga ko ƙura ta shiga. Harsashin da yake sama, mai jan kwanso na roba, ya lotse. Ya kamata ya zama zagaye, amma ya baje kamar an taka shi. Ashe ƙarfen da yake turo su daga ƙasa ya yi ta matse shi, ga zafin rana kullum. Na ce bari in gani ko zai shiga. Na mayar da magazin, na ja ƙarfen gefe baya, na saki.

Bai koma ba. Ya tsaya a rabi. Harsashin ya karkace a bakin ramin, bai shiga ba, bai fita ba. Na ja, na tura, na buga da tafin hannu. Magazin ma ya ƙi zaruwa.

Na dubi matan, Mama ta sunkuya tana ɗaure dami, bayanta a daji. Sati shida ke nan nake kawo su nan, kuma ban san tun yaushe abin ya lotse ba.

Ina cikin kokawa da ƙarfen na ji ƙarar mashin. Ba ta hanyar gari ba, ta wancan gefen, inda ba gonar kowa. Waƙar ta tsaya. Mashin biyu suka fito daga cikin itatuwa, kowanne da mutum uku, suka tsaya a ƙetaren wani fili. Ba na iya ganin fuskokinsu, ba na iya ganin abin da suka riƙe. Ɗaya ya sauka.

Na ji muryar Mama a hankali tana ce wa sauran, "Kada kowa ya gudu. Yaron yana sama da bindiga."

Na miƙe tsaye a kan dutsen, don ban san abin da zan yi ba in ba wannan ba. Na riƙe ta a ƙirji yadda za su gan ta, na sa tafin hannu na rufe wurin da jan harsashin yake leƙowa. Ina ta cewa Yesu, Yesu, a cikin baki. Ina tunanin matar yayana, da cikin nan ko rafi ba za ta kai ba. Mutumin da ya sauka ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Ban san minti nawa ba. Sai ya yi fitsari a gindin itace, ya hau, suka juya suka koma ta inda suka fito.

Har yau ban san su wane ne ba. Wataƙila masu yin gawayi ne, wataƙila ba su ba ne.

A hanyar gida matan suna ta yabona. Wata ta ce ta ga yadda na tsaya kamar gunki. Matar yayana ta ce daga yau ta daina tsokanata. Na naɗe tsakiyar bindigar da rigata, na ce zafi ne ya dame ni. Ban ce musu komai ba. In na faɗa, gobe ba mai zuwa, kuma rabin gonakin ba a rufe ba tukuna. In ban faɗa ba, gobe za su sake juya wa daji baya saboda ni.

Ban shiga gida ba, na wuce wurin Kawu. Tsohon maharbi ne, yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya. Na buɗe rigar na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauko wuƙa ya ciro harsashin da ƙyar, ya juya shi a hannu.

Ya ce, "Da wannan ka tsaya musu?"

Na ce, "E, Kawu."

"Uwarka tana ƙasa?"

"Tana ƙasa."

Ya ajiye wuƙar. "Bindigar da take ciyar da kanta, ni ban yarda da ita ba. Tawa ni nake sa mata a baki, na san abin da ta ci."

Na ce, "Kawu, in na canja harsashi ai shi ke nan, ko? Ba sai an gaya wa kowa ba."

Ya ce, "Ka taɓa jin muryarta?"

Na ce, "A'a, Kawu."

"To, ba ka san komai a kanta ba. Tashi mu je wurin Fasto."

Na roƙe shi a hanya, bai ko juyo ba. Fasto ya kira dattawa biyu, aka yi ta gardama. Ɗaya ya ce doka doka ce. Kawu ya ce to shi dattijon ya raka matan gobe da kansa. A ƙarshe aka ce ba zuwa kurmi sai an gwada. Ran Lahadi bayan wa'azi Fasto ya yi sanarwa: gobe Litinin ƙarfe goma na safe za a ji harbi biyar a bakin rafi, gwaji ne, kada kowa ya gudu, a gaya wa tsofaffin da ba su zo sujada ba. Ya maimaita da yarenmu. Biyar, ya ce, ku ƙirga.

Litinin muka je, ni da Kawu da shugaban matasa. Na sa sababbin harsasai, na duba kowanne. Na auna wani kututture. Na farko ya tashi, ya bugi kafaɗata har na ja baya. Na biyu ya tashi. Na ja na uku, shiru. Kwanson na biyu bai fita duka ba, ya maƙale a gefe, bakinsa yana hayaƙi.

Shugaban matasa ya ce, "Cire da sauri ka ƙarasa, mutane suna ƙirgawa!"

Na kai hannu. Kawu ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "Bar shi. Su ji abin da za su ji a kurmi."

Muka tsaya nan. Daga gari ko kukan yaro ba ka ji. Na san kowa yana tsaye a ƙofar gidansa yana jiran na uku. Shugaban matasa ya ce wataƙila irin harsashin ne ba shi da ƙarfi, wataƙila sai ta saba. Kawu ya ce wataƙila.

Da muka shigo gari ba wanda ya tambaye ni komai. Matar yayana tana bakin rijiya, ta dube ni, ta dubi abin da yake kafaɗata, ta ci gaba da jan guga.

Washegari na je gindin mangwaron da muke taruwa. Mata biyar ne suka zo. Yayana ya hana matarsa, gonarsu ta zauna rabi a buɗe, rana ta cinye wancan rabin. Mama ta zo da igiyarta da addarta. Ta tsaya a gabana ta ce, "Ranar nan da ka hau dutse, bindigar tana aiki?"

Na ce, "A'a, Mama."

Ta gyara ɗankwalinta. "Ka sani lokacin?"

"Na sani."

Ta wuce gaba, muka bi ta har muka kai rafi. Nan ta juya ta ce wa matan, daga yau ba mai waƙa, kuma ɗaya ta tsaya tana kallon daji, sauran su sara, a riƙa canjawa. Sannan ta ce mini, "Kai kuma, in ka gan su, ka harba guda ɗin da kake da tabbas a sama, mu samu mu gudu. Kada ka tsaya jiran sauran."

Na ce to. Muka tuɓe takalma muka shiga ruwan.