Hawainiyar Mujahida a Hannun Maiturare

A unguwar Tandabawi ta Makka ba kowa ya san sunan Hajiya Sa'adiya ba. Maiturare ake ce mata. Shekara arba'in ke nan da zuwanta Makka daga Kano tare da mijinta, marigayi Malam Salihu, kuma tun sannan kaskonta bai huce ba. Abu biyu take taƙama da su: turaren wutarta da Larabcinta. Turaren kam babu mai ja. Larabcin kuwa na kasuwa ne, rabi ji rabi cika da ka.

Autarta Mujahida ce ta kawo hawainiya gidan, ta ware mata ɗaki, ta sa mata suna Sannu saboda tafiyarta. Hajiya ko kallon halittar ba ta son yi. Amma da aka tura Mujahida Madina horon aikin jinya na wata uku, sai ta riƙe hannun uwarta a bakin ƙofa.

"Umma, amana ce."

Kalmar nan ta ɗaure Hajiya. Ta jawo kejin Sannu zuwa falo kusa da ita, ta cika kwano da Zamzam ta ajiye ciki. Sati biyu Sannu ba ta dubi kwanon ba. Idanunta suka faɗa, ta daina cin gyare. Hajiya ta ɗauki tasi zuwa wajen wani likitan dabbobi a unguwar Zahir, Dakta Nawaf. Ya duba, ya ce ƙishirwa ce, hawainiya ba ta sha a kwano sai raɓa a kan ganye. Ya ƙara da cewa, "Buhhi alaiha, ya hala, sau biyu a rana." Wato ta fesa mata ruwa.

Hajiya kuwa "bahhiri" ta ji, wato ta turara ta. Har ta yi murmushi, yau likita da kansa ya gane darajar sana'arta. Ta koma gida ta fito da haɗin da take yi wa amare, safe da yamma tana zagaye kejin da kasko.

Kwana uku Sannu ta yi baƙi ƙirin, ta sauko ƙasan keji, baki a buɗe tana numfashi da kyar. Hajiya ta tsorata ƙwarai. Ba ta san da wane baki za ta gaya wa 'yarta amanar ta mutu a hannunta ba. Wannan karon ta ja maƙwabciyarta Hafsa, haifaffiyar Makka, suka koma tare.

Likita na buɗe mayafin kejin ƙamshi ya cika ɗakin. Ya dubi Hajiya, ya dubi Hafsa. Da zancen ya fito fili, Hafsa ta dafe kai.

"Ya Hajiya, moya yake nufi! Ruwa! Ba bahur ba, ba turare ba!"

Hajiya ba ta yi musu ba, abin da ba a saba gani ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Za ta rayu?"

Ya yi wa Sannu allura, ya ba da maganin ɗigawa a baki da kwalbar feshi, ya ce ko hayaƙin ashana kada ya kusance ta. Ranar Hajiya ta kwashe kaskonta da itatuwan turarenta ta hau da su rufin bene. Bene hawa huɗu take hawa kullum don aikin turarenta, da ciwon gwiwarta, ta sauko ta fesa ganye, ta zauna ta zuba ido.

A rana ta tara ta ga ɗan harshe ya lashi ɗigon ruwa. Jikin ya soma komawa kore. Hajiya ta sauke ajiyar zuciya, ta yi ta hamdala har hawaye ya zubo mata, ita da a da ko kallon halittar ba ta yi.

Da Mujahida ta dawo, kejin ta fara nufa. Ta tarar da Sannu koriya shar a kan reshe. Sannan ta ɗaga kai ta shaƙi iskar falon, ta juyo da mamaki.

"Umma, lafiya? Gidanmu ba ƙamshi."

Hajiya ta miƙa mata kwalbar feshin.

"Lafiyar ce ta kawo haka. Karɓi amanarki."