Ƙusar Malam Garzali

Ba a taɓa ganin Malam Garzali ya sha kokonsa a zaune ba. Da ya dawo daga masallaci zai karɓi kwanon a hannun matarsa Turai, ya kurɓa sau biyu a tsaye, ya dire a kan dakali, sai ɗaure akwati a bayan keke. Zarto, guduma, gizago, da ƙullin ƙusoshi a tsumma. Litinin yana garin Ƙofa, Talata Dangora, Laraba ya ɗora keken a motar itace zuwa Tudun Wada, in hanya ta yi kyau ya kwana Riruwai. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan zirga-zirga, kuma ƙarshen watan nan na Disambar 1978 zai ajiye aiki. Turai ta ce ita dai ba ta san inda za ta ajiye shi ba.

A takarda, shi malamin sana'ar hannu ne mai zagaya makarantu. Amma ɗalibansa ba yara ba ne, malamansu ne. Ya tarar ana koyar da aikin kafinta a jikin allo: malami ya zana zarto da alli, aji ya amsa "zarto", a buga ƙararrawa. Zarton gaske kuwa yana kulle a ofishin hedimasta da maikonsa. Ba lalaci ba ne. A ƙasarmu sassaƙa gado ce, ƙira gado ce, mutumin da ya sha wuya ya samo takardar malanta ba ya son iyayen yara su wuce su gan shi tsugune cikin ɓawon katako.

Garzali bai yi wa kowa wa'azi ba. Duk makarantar da ya shiga, kafin ya gama amsa gaisuwa ya zaro ƙusa guda ya kafa ta a bakin ƙofar aji. In an tambaye shi ta mece ce, sai ya ce ta rigar malam ce. Ya tuɓe tasa ya rataye, ya tsaya yana kaɗa ƙafa har mai ajin ya tuɓe. Dokarsa ta biyu ita ce, wanda ya yi abu shi zai fara amfani da shi. Malam Sale na Dangora ya ba ni labarin bencinsa na farko, yadda ya zauna a kai a gaban 'yan aji shida, bencin ya baje da shi. Ya ce Garzali bai yi dariya ba, ya miƙa masa hannu ya ce yanzu su duba wace ƙafa ce ta yi ƙarya.

Duk hutun bazara yakan tara malamai goma sha biyu daga Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, su yi mako uku suna aiki da hannu. A 1975 wani jami'i daga Kano ya ce bai ga amfanin wannan kwas ba, zai zo ya gani da idonsa, in bai gamsu ba a rufe. Garzali ya san wannan taron shi ne kaɗai wurin da malamai ke iya yin kuskure ba a gaban ɗalibansu ba. Ya kasa zaune ya kasa tsaye.

A lokacin ruwan madatsar Tiga ya cinye gonakin mutane, an tashe su zuwa sababbin garuruwa. Akwai wani Ubale, manomi ɗan manomi, da ya koma jefa ƙugiya daga gaɓa don ba shi da abin shiga ruwa. Garzali ya ce to, bana ba benci ba allo, kwale-kwale za a yi wa Ubale. Malam Ladan na Riruwai, wanda ya fi kowa farar riga da kyan rubutu, ya tambaye shi ko ya taɓa yin jirgi. Ya ce a'a, amma katako katako ne.

Suka yi shi, ya yi kyau. Sun haɗa katakan kamar ƙyauren ɗakin amarya, ko allura ba ta ratsawa. Da aka ce jami'in sai bayan kwana goma, suka yi abin da kowane kafinta zai yi wa kayansa: suka ɗora jirgin a kan duwatsu a barandar makaranta, nesa da danshi, kada ya lalace. Zafin bazara ya yi ta dukansa. Garzali yana zagaya shi safe da yamma yana shafawa, bai lura katakan suna tsukewa ba.

Ranar da jami'in ya zo gari ya fito. Aka tura jirgin, Garzali ya shiga, Ladan ya bi shi domin shi ne ya buga ƙusar ƙarshe. Ba su yi nisan jifa ba ruwa ya fara tsartuwa ta kowace gaɓa. Ya rufe idon sawu. Ladan bai iya iyo ba, ya riƙe gefen jirgin yana salati, Garzali yana kwalfa da hularsa. Da ƙyar aka jawo su da igiya. Jama'a na dariya, jami'in na duba agogo, Ubale ya sunkuyar da kai.

A gefe akwai wani tsohon masunci, Mamman Bakabe, wanda ya biyo kifi tun daga Argungu. Ya ajiye komar da yake ɗinki ya ce, "Malam, wa ya ce maka jirgi ƙofa ne? Kun hana shi ruwa kwana goma, kun kawo shi da ƙishirwa. Ai dole ya sha."

Malaman suka ji haushi, wani ya fara cewa tsohon ya san da wa yake magana. Garzali kuwa, da jiƙaƙƙen wando, ya tafi ya durƙusa a gaban Mamman. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Koya mana, ga mu goma sha uku."

Mamman ya ce a cusa auduga a ramukan, a bi da kwalta, a loda duwatsu a nutsar da jirgin kwana uku, katako ya sha ya kumbura ya rufe bakinsa da kansa. Garzali ya roƙi jami'in ya dawo ranar Alhamis. Mutumin ya shiga mota ya tafi.

Kwana ukun nan Garzali bai bar su sun zauna jugum ba. Ya sa Mamman a gaba, ya sa malamai a ƙasa, aka yi ta tambaya. Ladan ya gaya mini ya haɗa kayansa har sau biyu don kunya, amma duk sa'ad da ya fito sai ya ga rigar Garzali a jikin ƙusa, ya koma. Ranar Alhamis aka ɗaga jirgin aka kwalfe. Kafin Garzali ya ɗaga ƙafa, Ladan ya riga shi shiga. Ya ce, "Ranka ya daɗe, dokarka ce. Ƙusata ce ta ƙarshe." Mamman ya tuƙa shi har tsakiya ya dawo da shi, tafin ƙafarsa a bushe.

Jami'in bai dawo ba. Takarda ce ta zo, an rufe kwas.

Da hutun bazara ya zagayo, Garzali yana tsakar gida yana kai da komo, Turai na cewa ya zauna kada ya tona mata ƙasa, sai aka yi sallama. Malamai goma sha tara ne a ƙofar gida, kowa da kekensa da ƙunshin garinsa. Ba wanda ya aiko su. Ladan ya ce bana wurin maƙeran Riruwai suke so a kai su, don ya gane shi ma garma a allo kawai ya san ta. Haka ake yi har bana.

Malam Garzali, kai ne ka durƙusa a gaban masunci, jami'i yana kallo, ka san abin da za ka rasa. Kai ne ka nuna wa malamai cewa "ban sani ba" ba ta rage wa mutum tsawo. Na Turai, maƙi zama, mai ƙusa a aljihu. Ubale yana ciyar da gidansa da jirgin nan har yau, kuma bai taɓa barinsa ya kwana a tudu ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka lafiya, ya ba Turai haƙurin zama da kai.

Ku kuma sababbin malamai da ake ta turowa garuruwanmu, in kun shiga aji ku ɗaga ido ku dubi bakin ƙofa. Ƙusar tana nan, ta yi tsatsa amma ba ta girgiza. Mai kafa ta ya kusa daina zuwa. Kada ku jira shi, ku rataye rigar.