Inna da 'Ya'yan Kifi

Bayan rasuwar Baba na ɗauko mahaifiyata daga Furfuri na kawo ta gidana a Gusau. Inna ba ta so ba. Awakinta da kajinta an raba su a dangi, ita kuma ta zauna a ɗaki ba aikin fari ba na baƙi. Kowace safiya bayan gaisuwa maganar ɗaya ce, yaushe zan mayar da ita gida. Ni kuwa tsoro nake ji, don can babu mai kula da hawan jininta.

A falo ina da akwatin gilashi mai ƙananan kifaye da na saya a Sabon Gari, irin waɗanda suke haihuwa, ba ƙwai suke yi ba. Inna ta raina su. A wurinta kifin da ba ya shiga miya ɓarnar ruwa ne.

Wata rana da hantsi na same ta durƙushe gaban akwatin. Ɗaya daga cikin kifayen ta haihu, 'ya'yan ba su fi ƙwayar shinkafa ba, ga uwar tana bin su tana haɗiyewa.

"Wagga wace irin uwa ta?" in ji Inna. "Miƙo man matacin shayi."

Ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin wata roba, hannunta ko rawa bai yi ba. Na yi mamaki, domin kofin shayi ma da hannu biyu take riƙewa.

Sai dai Inna ba ta iya ganin ɗan dabba ba ta cika masa ciki ba. Ina wurin aiki ta zuba musu dusa, yadda ta saba yi wa kaji. Kafin in dawo ruwan ya yi fari, ya fara tsami. Bakwai kawai muka tsamo da rai. Ta zauna ta ce ita ta kashe su. Ban taɓa jin tausayinta kamar ranar ba.

Na nuna mata yadda ake yi: a dafa ƙwai, a lakato gwaiduwar da bakin tsinke, shi ke nan abincin wuni. Ruwan famfo kuma sai ya kwana a bokiti kafin a ƙara musu. Ta ce wannan rowa ce, amma ta bi. Cikin sati biyu ta fi ni sanin su. Akwai wanda take kira mai haɗama, akwai rago. Ni dai duk iri ɗaya nake gani, ita kuwa tana yi mini kallon wanda boko ya ɓata.

Ana nan sai ƙanenta, kawuna na Tsafe, ya zo da mota. Ashe tun tuni ta aika masa ya zo ya kai ta Furfuri, ban sani ba. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon su.

Kawu ya ce, "Yaya, ɗauko kayanki mu tahi, rana na yi."

Inna ba ta ɗago daga kan robar ba. "Koma abinka," ta ce. "In na tahi, wanga yaro da yunwa za ya kashe su."

Na ce wa Kawu bari in kawo masa ruwa. Na daɗe a kicin kafin in iya fitowa.