Ranar da Badariyya ta tsayar da motar Asyut

A Mut, garinmu na tsakiyar hamada, duk macen da za ta hau motar birnin Asyut karo na farko sai ta biya ta gidan Badariyya tukuna. Ba likita ba ce, ko ƙofar aji ba ta taɓa leƙawa ba. Abin da take da shi kawai, ta fi kowace mace a unguwarmu sanin wannan hanya. Tun tana amarya take bin ta, lokacin mijinta yana gadin wani sito a Asyut, tana kai masa dabino da busasshen burodi. Da ya rasu ba ta daina ba, sai ta koma kai dabinon kasuwa. Direbobi sun tsufa sun ajiye aiki, an sake kwalta, an canza motoci, ita kuwa tana nan a kujerarta ta tsakiya, ɓangaren da rana ba ta duka.

Gajeriya ce mai jiki, muryarta ƙasa-ƙasa. Mace ce mai kunya irin ta mutanen da, wadda ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah. Amma in ana maganar tafiya, to bakinta ya buɗe ke nan.

"Kada ki zauna a kan taya, hanjinki zai juya," haka take faɗa wa mata. "Kada ki ci maiƙo da safe, burodi da ɗan cuku sun ishe ki. Ki riƙe lemon tsami a hannu, in zuciyarki ta tashi ki huda shi da farce ki shaƙa. Ki tafi da mayafi mai kauri, sanyin na'urar mota har ƙashi yake shiga. Ki cire takalmi ki riƙa motsa yatsu, in ba haka ba ki sauka da ƙafa kamar turmi."

Duk wannan gaskiya ne, ni kaina na amfana da shi. Sai kuma ta rage murya ta kawo ta ƙarshe, wadda ta fi ba muhimmanci: "Daga isha'in daren tafiya, kada ruwa ya wuce maƙogwaronki har sai kin sauka."

Kada ku yi saurin zagin ta, ba ita ta ƙirƙiro ba. Haka uwarta ta koya mata, haka kuma matanmu suka tashi suka tarar. Hanyar nan ba bishiya, ba ɗan kurmi, ko dutsen da akuya za ta laɓe a bayansa babu, fili ne fetal iya ganinka. Wurin hutawar da ake tsayawa kuma, ban-ɗakinsa yana can ƙuryar shagon shayi, sai mace ta ratsa ta tsakiyar maza masu zuƙar shisha kafin ta kai. Ga kuma labarin da kowace yarinya ta sani, na wata mata a zamanin manyan motocin katako, wadda ta matsu ta roƙi usta, wato direba, ya tsaya mata. Matar ta daɗe da rasuwa, amma har gobe jikokinta "jikokin Tsaya-Usta" ake ce musu. Mutanenmu ba sa manta abin dariya, wannan halin namu ne, kuma yana ba ni haushi.

Shekarar da abin ya faru, 'yar autarta Nagat tana da ciki wata bakwai. Biyu sun zube kafin wannan, Badariyya ce da hannunta ta naɗe na biyun a tsumma. Likitar Mut ta duba ta, ta ce gara a kai ta babban asibiti a Asyut su ga kwanciyar yaron. Mijin Nagat, Gabir, can yake aiki, zai tarbe su a tasha. Wanda zai raka su shi ne mahaifinsa, Alhaji Abdulmaujud, dattijo mai gemu fari wanda Nagat ko tari ba ta yi a gabansa.

Tsakiyar zafi ne, lokacin da dabino ke nuna. Daren tafiya Nagat ta ɗauki kofi za ta sha ruwa, uwar ta riƙe mata hannu.

"Mai ciki mafitsararta ba ta da haƙuri," in ji ta. "Ga surukinki a mota. Ki daure, gobe kya sha har ki gaji."

Suka tashi bayan sallar asuba. Har garin Kharga, zangon farko, lafiya lau, Nagat tana shaƙar lemonta tana gyangyaɗi. Alhaji yana kujerar da ke daura da tasu, hanyar wucewa ce kawai a tsakani, yana jan carbi. A Kharga maza suka sauka suka sha shayi, mata suka zauna a kujerunsu kamar kullum. Da mota ta bar gari ta fara hawan tudun nan mai tsawo, sai na'urar sanyi ta yi wani ƙara ta mutu. Tagogin irin waɗannan motoci ba sa buɗuwa. Direban motar, Usta Shahat, ya buɗe ƙofa da murfin rufi, iskar da ta shigo kuwa kamar daga bakin tanda.

Badariyya ta fara lura da leɓen 'yarta, ya bushe ya tsage. Ta taɓa goshinta ta ji shi zafi rau, babu ɗigon gumi, alhali kowa a motar ya jiƙe sharkaf. Sai Nagat ta damƙe hannun kujera ta runtse ido. Uwar ta ɗora tafinta a kan cikin, ta ji ya ɗaure tamau. Ya saki. Can an jima ya sake ɗaurewa.

"Tun yaushe?" ta tambaya a kunnenta.

"Tun da muka fara hawa." Nagat ta kama hannunta. "Inna, tun Kharga ban ji motsinsa ba."

Tsoro ya kama Badariyya irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta duba waje. Yashi da tsakuwa, sai turakun lantarki. Ta san hanyar kamar tsakar gidanta, don haka ta san babu komai a gaba sai nisa. Wayoyi ba sa kamawa a nan. Idan yaron nan ya taho yanzu, ɗan wata bakwai, a tsakanin kujeru, to tsumma na uku za ta naɗe. Wataƙila ma ba shi kaɗai ba.

Wata mata 'yar Asyut da ke bayansu, Tereza, ta leƙo ta tsakanin kujeru. "Hajiya, yarinyar nan ƙishirwa ce ke murɗa mata ciki. Haka ƙanwata ta yi. Ba ta ruwa, don Allah."

Akwai gora a jakar Badariyya, wadda take ajiyewa sai an ga gidajen Asyut. Ta ciro ta, ta kai bakin 'yarta. Nagat ta kau da kai.

"Sha, 'yar nan."

"In na sha ina zan kai shi?" Ta ɗan karkata ido wajen surukinta. "Baba Alhaji na nan."

"Ki sha kawai, Allah zai kawo dabara."

"Ke kika ce kada in sha, Inna. So kike a riƙa kiran ɗana da sunan nan na Tsaya-Usta? Wallahi gara in mutu a kujerar nan."

Ba da wasa ta faɗa ba, Badariyya ta san haka, don ita ta raine ta. Ta ga idanun yarinyar sun fara lumshewa, kanta yana lilo. Cikin ya sake ɗaurewa a ƙarƙashin hannunta, wannan karon ya daɗe bai saki ba. Ta yi tunanin ta ce wa usta 'yarta ba lafiya. To sai me? Duk idon motar zai dawo kan Nagat, ita kuwa ta ƙara datse haƙora. Yarinyar ba za ta sha ba sai ta tabbata motar za ta tsaya, kuma ba da sunanta ba.

Badariyya ta miƙe. Ko takalmi ba ta tsaya sakawa ba. Ta bi tsakanin kujeru tana dafa su ɗaya bayan ɗaya har gaba.

"Usta, don Allah ka ɗan tsaya," ta ce a hankali.

Bai ko waiwayo ba. "Hajiya, motar nan a wahale take. Saura kaɗan mu kai wurin hutawa."

Ta san kaɗan ɗin direbobi. Matar da ba a taɓa jin muryarta daga zaure ba ta buɗe baki yadda har na kujerar ƙarshe ya ji.

"Fitsari nake ji, Usta Shahat. Ni Badariyya. Tsufa ya zo, ba na iya riƙewa. In ba ka tsaya ba a kan matakalar motarka zan yi shi. Kuma ka sani, ba wannan ne na ƙarshe ba, zan sake tsayar da kai."

Wani saurayi a baya ya tuntsire da dariya, wani ya ce, "Tsaya-Usta ta dawo duniya." Alhaji Abdulmaujud ya sunkuyar da kai, carbinsa ya tsaya. Badariyya ta ji kamar an tuɓe ta a kasuwa, amma ba ta matsa daga wurin ba.

Usta Shahat ya dube ta ta madubi. Ya shekara nawa yana ɗaukar matar nan bai taɓa jin ta nemi ko a rage rediyo ba. Ya gangara gefen titi ya taka birki, ya bar injin yana aiki.

"Maza, kowa ya mai da fuskarsa hagu," ya ce. "Wanda na kama yana kallon dama, a nan zan bar shi ya ƙarasa da ƙafa. Kai mai dariya, da kai nake."

Badariyya ta koma ta kamo 'yarta. "Taso ki riƙe min mayafi," ta faɗa da ƙarfi don a ji. Tereza ta tallafe ta ta ɗaya gefen. Abin mamaki, kafin su kai ƙofa kusan duk matan motar sun miƙe, har da waɗanda tun Mut suke zaune ƙafa a harɗe. Suka zagaya gefen motar inda ɗan inuwa yake, suka ware mayafansu suka haɗa baki da baki, suka yi katanga.

A bayan wannan katanga Nagat ta zauna a ƙasa ta jingina da Tereza. Uwar ta kafa mata gora. Ta fara kurɓa, sai ta damƙe gorar da hannu biyu.

"A hankali, kaɗan-kaɗan, kada ki amayar," in ji Tereza, tana jiƙa gefen mayafinta tana goga mata a wuya.

Sai ga hannu ya miƙo daga ƙofar mota, mai shi ya juya fuska can. Alhaji ne, da butar ruwansa da ƙullin sukarin shayinsa.

"A ba tsohuwa," ya ce. "Na ga kamar jiri take ji."

Suka dama sukarin da ɗan gishiri suka ba Nagat. Ita kuwa tsohuwar da aka tsayar da mota dominta ta tsuguna don cika magana, ko ɗigo babu, tun jiya rabonta da ruwa.

Da suka koma, samarin baya sun tashi sun bar doguwar kujera. Aka kwantar da Nagat a kan haƙarƙarinta na hagu. Mota ta ci gaba. Badariyya ta durƙusa a ƙasa, hannu ɗaya da gora, ɗaya a kan cikin. Ɗaurewar ta fara jinkiri, sannan ta yi sauƙi. Gumi ya tsattsafo a goshin yarinyar. Amma a ƙarƙashin tafin Badariyya shiru, babu ko alamar motsi. Ta karanta duk abin da ta haddace, ta koma farko. Ta danna a hankali, ta saurara. Shiru. Tana jin idon Nagat a kanta, ta ƙi yarda su haɗa ido, don ta san abin da yarinyar za ta gani a fuskarta.

Sun wuce wurin hutawa da nisa, rana ta karkata, sannan ta ji wani abu ya ɗan zungure ta a tafin hannu. Ta ji tsoron ko rawar mota ce. Sai ya sake, da ƙarfi, har hannunta ya ɗaga.

Nagat ta fashe da kuka tana dariya. Can ta jawo kan uwarta kusa. "Inna, yaron ya taka min mara. Ki sake tsayar da usta."

Badariyya ta dafa kujera ta miƙe. Usta Shahat ya hango ta ta madubi, kafin ta buɗe baki ya fara taka birki.

A Asyut likita ta riƙe Nagat kwanaki, ta yi faɗa sosai da ta ji maganar ruwan. Yaron bai zo ba sai da watanninsa suka cika, aka sa masa Ramzi. Labarin kuwa ya riga su isa Mut, kun san mutanenmu.

Har yanzu mata suna biyawa ta gidan Badariyya. Maganar taya da lemon tsami da yatsun ƙafa tana nan yadda take. Ta ƙarshen ce ta canza, kuma ba ta rage murya in za ta faɗe ta: a sha ruwa kaɗan-kaɗan tun daga gida, a tafi da babban mayafi, a zauna kusa da wata mace. Wadda kunya ta hana, ta ce Badariyya ce ta matsu, ko da ba ta cikin motar.

Kwanakin baya Ramzi ya shigo da kuka daga wasa, wai yara sun ce masa jikan Tsaya-Usta. Nagat ta zabura za ta fita ta same su. Badariyya ta riƙe mata zane, ta jawo yaron ta share masa hanci.

"Ƙyale su su kira," ta ce. "Da ba a tsaya ba, da babu jikan da za su kira."