Ratar Ƙuri'a Ɗaya

Zaɓen shugaban ƙasa ya raba jihar nan gida biyu, har rediyo ya gaji da maimaita yadda aka yi kankankan. A bangon makarantar firamare, inda aka manna sakamakon rumfar unguwa, wani dattijo yana tsaye shi kaɗai. Da alama tela ne, don ga zare maƙale a hannun rigarsa. Tawadar zaɓe ba ta fita daga babban yatsansa ba, da shi kuma yake bin lambobin, leɓɓansa suna motsi: ɗari da huɗu, ɗari da uku.

Mai gadin makarantar ya leƙo. "Baba, barka! Naku ne ya ci rumfar nan, da ƙuri'a ɗaya tak."

Dattijon bai yi murmushi ba. Ya ciro katin zaɓe biyu daga aljihu, ɗayan da hoton wata tsohuwa, ya share shi da gefen riga.

"Shekara talatin, in na dangwala nan, mai ɗakina ta dangwala can, mu koma gida muna tsokanar juna," in ji shi. "Allah ya ji ƙanta. Bana babu wanda ya soke tawa."