Ƙauri a Ɗakin Yaya

Ƙungiyarmu ta masu kaɗi da saƙa a gidana take zama, ran Laraba bayan azahar, a ƙauyenmu da ke kusa da Dogarawa. Ba don gidana ya fi na kowa ba. An dai san halina ne: abin da aka ba ni ajiya ba ya ciwon kai, kuma ba na jin nauyin gaya wa mace zarenta bai yi ba, ko a gaban surukarta ne. Mu tsofaffi mu ke gurzar auduga, mu shiɓe ta, mu kaɗa abawa. Wani tsohon masaƙi daga wajen Tajaye yakan zo ya kwashe ya yi gwado da ita. Matasan kuwa ba ruwansu da mazari. Ulu suke sayowa a kasuwar Konni, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, su riƙe kwarashi suna saƙa huluna da safar jarirai, baki ya fi hannu sauri.

Audugar ƙungiya duk a ɗakina ake tara ta. A shekarar nan da nake faɗi an samo ta da yawa, buhu kan buhu, tun daga bakin ƙofa har tsakiyar ɗaki. 'Yar hanya kawai aka bari, wadda mutum zai ratsa a kaikaice. Can ƙurya, bayan buhunan, gadon Yayata yake.

Yaya ce ta fara sa mini mazari a hannu tun ina yarinya. Mace ce doguwa mai jiki. Hawan jini ya kayar da ita, ɓarin dama ya shanye, harshe ya karye, sai ido da hannun hagu suka rage mata. Ta daɗe ba ta ga tsakar gida ba, don ɗaga ta ba aikin mutum ɗaya ba ne, mazan gidan kuma da an kai gero rumbu sai su tafi ci-rani. A ɗakin nake yi mata komai. Ɗakin laka ne, amma rufinsa jinka ce, tsohuwar ciyawa da ta sha rana.

Akwai abin da matasan nan suke yi da ban taɓa so ba. Ulun nasu ba gashin tunkiya ba ne, ɗan uwan leda ne. In suka gama hula sai su yanke zaren, su ƙyasta ashana su ƙona bakinsa, ya narke ya dunƙule don kada saƙar ta warware. Wani lokaci ɗigonsa yakan faɗo ƙasa yana ci da wuta. Tun farko na ce duk mai ƙona zare ta tashi ta je gindin turmi, nesa da mu. Suna bi, in idona na kansu.

To, bazara ce, inuwa kuma ɗaya ce a gidan, ta dogon yaro. Rana na juyawa inuwa na janyewa, su ma suna matsowa, har tabarmarsu ta haɗu da tamu. Ranar na shiga ɗaki na juya Yaya, na ba ta ruwa, na sake mata shimfiɗa. Na ɗan jima. Da na fito an fara tattara kaya, an kwashe sauran audugar da aka shiɓe an cusa cikin buhu, an mayar ɗaki kamar kullum. Muka yi la'asar. Wasu suka tafi, muka rage kaɗan.

Ina naɗe sallaya sai na ji ƙauri.

Na tsaya na ɗaga hanci. Na ce, "Wa ke jin abin da nake ji?"

Matar jikana, ɗaya daga cikin masu kwarashi, yarinya ce mai bakin tsiya, tsakanina da ita kullum wasan jika. Ta ce, "Tsohuwa, ulunmu ne. Tun azahar kike shaƙarsa, sai yanzu ya iso miki?"

Suka yi dariya. Shugabar ƙungiyarmu, mace mai hankali, ɗiyar maƙwabcinmu, ta ce, "Inna, ko tuwon wasu ne ya kama can baya?"

"Wa ke tuƙa tuwo yanzu?" in ji ni.

Ƙaurin ulu na san shi, yana da kaifi, yana hawa kai kamar an ƙona takalmin roba. Wannan daban ne. A kwance yake, kamar tsumma ya faɗa murhu. Na bi shi zuwa madafa, toka ce sanyi ƙalau. Na zaga bayan danga, ba komai. Da na doso ƙofar ɗakina sai ya tare ni.

Nan na gane auduga ce ke ci. Wanda bai yi aikin auduga ba bai san muguntarta ba. Ciyawa in ta kama kowa zai gani. Auduga in an danne ta cikin buhu sai ta haɗiye wutar, ta yi ta ci a ciki, ba harshe ba hayaƙin kirki, bayan buhun kuwa lafiya lau. Iska kawai take jira. Da an buɗe baki, shi ke nan.

Na shiga a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Ɗakin da duhu-duhu, ban ga hayaƙi ba. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yaya ce ke buga ƙarfen gado da zoben hannunta na hagu. Na ratsa na isa wurinta. Idanunta sun fito, hancinta na motsi, bakin nan da ya karkace yana ta ƙoƙari, ba abin da ke fita sai miyau. Allah kaɗai ya san tun yaushe take bugawa, mu muna waje muna surutu.

Na ce, "Na ji, Yaya. Ni ma na ji."

Na shiga taɓa buhunan da bayan hannu, ɗaya bayan ɗaya. Duk da ɗumi. Bazara ce, ko randa ka taɓa da ɗumi. Na kanga kumatuna, na sansana, ƙaurin ya riga ya cika ɗakin, ba a gane inda ya fito. Na kira su da murya ƙasa-ƙasa, ban san dalilin da ya sa na kasa ɗaga murya ba.

Suka leƙo. Dariya ta ɗauke.

"Wa ta mayar da sauran auduga?" na tambaya. "Cikin wane buhu?"

Wannan ta ce ita ta kawo har ƙofa, wata ta karɓa. Wadda ta karɓa ta riga ta tafi gida. Matar jikana ta kutso, ta kama igiyar buhun da ke kusa da ita, tana cewa, "Bari mu buɗe mu gani mana." Ban san sa'ad da na make mata hannu ba.

"Kada ki kuskura! So kike ki gasa mu?"

Ta ja da baya tana riƙe da hannun.

Shugaba ta ce, "Inna, a kwara musu ruwa duka. Asarar auduga ba komai ba ce."

Na ce, "Da wane ruwa?" Abin da ke randa bai kai rabi ba, famfo kuma can bakin gari, ga layin jarkoki. Ko da akwai ruwan ma, ɗanyar auduga ba ta sha da sauri, gangarewa yake ya bar cikin a bushe. Aka tura mace ɗaya ta je ta yi kururuwa maƙwabta su kawo abin da suke da shi.

"To mu fitar da buhunan," in ji shugaba.

Na dubi tarin. In muka ɗaga wanda ke da wutar ba mu sani ba, muka girgiza shi, ya tashi a bakin ƙofa, to ƙofar ta rufe, Yaya tana ciki. Na ɗaga kai na dubi jinka. Ga ciyawar nan tana reto ƙasa-ƙasa a kan buhunan.

Na ce, "Mutum za a fara fitarwa."

Gado ba zai bi ta 'yar hanyar nan ba. Muka shimfiɗa gwado mai kauri, muka mirgina Yaya a kai. Shugaba da wata suka kama wajen kai, matar jikana da wata suka kama ƙafafu. Ni ba ni da ƙarfin ɗauka, sai na shige gaba ina dafe buhunan da jikina don kada a goge su.

"Bisimillahi. A hankali, 'yan nan. A hankali."

"Wayyo Allah, Kaka, mi kike ci haka?" matar jikana ta ce wa Yaya tana nishi. Ba wanda ya yi dariya.

Suka tako. Hanya ta matse, gwado ya lotsa a tsakiya, Yaya tana jan ƙasa. Suka ɗaga, suka ƙara takowa. Kan Yaya ya wuce rabin hanya. Sai ƙafar nan da ta mutu ta zamo daga gwadon, ta saƙale a igiyar wani buhu na sama. Na ga abin yana faruwa, na buɗe baki, kafin in yi magana sun ja.

Buhun ya gangaro ya faɗi a gabana. Ashe ba a ɗaure bakinsa da kyau ba. Ya buɗe, hayaƙi ya bugo mini fuska, na hangi cikinsa: rami baƙi ƙirin, gefensa ja, yana ƙara ja ina kallo.

Ban yi tunani ba, balle in ce jarumtaka ce. Faɗawa kawai na yi a kai, na tattare bakin buhun da hannu biyu na cusa ƙarƙashin cikina, na kwanta. Zafin ya ratso zanena. Ina jin su suna salati, ɗaya tana shirin sakin gwadon ta gudu.

Na ce, "Wadda ta sake ta ban yafe ba! Ku taka ni ku wuce!"

Suka tsallake ni. Wata ta taka mini ƙugu, gwiwar Yaya ta bugi ƙeyata. Fuskata na ƙasa, hayaƙi na fitowa ta gefen haƙarƙarina, ina tari ina ƙoƙarin kada in motsa. A lokacin nan abin da ke raina shi ne, in ya tashi a ƙarƙashina, shin sun kai ƙofa ko ba su kai ba. Ba na ganinsu. Na yi ta sauraren ƙafafunsu har na ji sautin ya canza, sun taka yashin tsakar gida.

Shugaba ce ta dawo. Ta ce, "Inna, tashi!" Na ce ba na tashi, ta kama gindin buhun mu ja tare. Haka muka fita, ita tana ja, ni ina rarrafe da bakin buhun a dunƙule a ƙirjina. Muka wuce ƙofa, muka wuce turmi, har tsakiyar fili inda ba danga ba rumfa. Nan na saki na mirgina gefe.

Ko numfashi ban ja ba ya tashi. Wuta ta yi sama ta fi tsayin mutum. Auduga mai ci ta riƙa tashi guntu-guntu, iska na ɗauka. Maƙwabta sun iso da bokitai da tukwane, wasu na watsa ƙasa da ƙwarya. Ni ina zaune a ƙasa, idona na kan wani guntu da ya yi sama, ya yi lilo, ya nufi ɗakina. Ya sauka a kan jinka. Na nuna da hannu. Matar jikana ce ta gani. Ta cire kallabinta ta tsoma a bokiti, ta jawo randa ta kifar da ita, ta taka gindinta ta kama bakin rufin, ta yi ta dukan wurin har ciyawa ta jiƙe ta yi baƙi.

Sauran buhunan ban yarda a bar ko ɗaya a gidan ba. Aka kwashe su a amalanke zuwa fili bayan gari, aka buɗe su ɗaya ɗaya aka baza. Ba a sami wuta a cikinsu ba. Duk da haka na ce su kwana can. Wace ce ta ɗiga ulu a cikin audugar, ba a sani ba, don kusan duk sun ƙona zare a ranar. Shugaba ta so ta bincika, na ce ta bari, almakashi da ƙulli sun isa daga yau, ashana kuma kada ta ƙara shigo mini gida a cikin kayan saƙa.

Sai da ƙura ta lafa na ji ciwon. Fatar cikina da damtsena na dama sun saluɓe. Aka ɗauko ni aka ajiye kusa da Yaya a gindin dogon yaro kafin a samo mai babur ya kai ni likita. Tana kwance kan gwadon, ƙafarta ta kuje, zanenta duk ƙasa. Ta miƙo hannun hagu ta kama wuyan hannuna ta riƙe, riƙo mai zafi, har zoben ya shiga namana. Mai babur ya zo yana jira, ta ƙi saki. Sai da shugaba ta durƙusa ta ce mata, "Inna babba, ba za a mayar da ke ciki ba sai ta dawo, ni zan zauna da ke," sannan ta sassauta yatsunta.

Da na dawo na tarar ƙungiya ta sami wani tsohon rumbun laka da ba kowa ke amfani da shi ba, an kai audugar can. Ban ce a dawo da ita ba, su ma ba su tambaya ba. Na sa aka ciro gadon Yaya daga ƙurya aka kafa shi dab da ƙofa, inda mutum biyu za su iya jawo ta waje. Da damina feshi na taɓa mata ƙafafu, da sanyi kuma iska na shigowa. Mutane sun yi ta cewa in mayar da ita ciki, ba a kwantar da mara lafiya a bakin ƙofa. Na tambaye ta ko in mayar da ita ciki, ta buga ƙarfen gadon da ƙarfi har sai da na ce to, an bar ki nan. A wurin ta ci gaba da kwana.